Amsoshin Tambayoyinku: Wasan Jera Bulo da Na'urorin Jabu

Wani matashi daga Ringim ya rubuto yana cewa ya ji labarin yaron da ya ƙure wasan Tetris, wato wasan jera bulo a na'ura, don haka yana so ya sayi 'yar na'urar wasan jera bulo da ake kasawa ranar kasuwa, wadda aka rubuta wa wasanni 9999, ko shi ma zai kai inda yaron ya kai.

Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka. Yaron nan, Willis Gibson, ɗan shekara 13 a lokacin, daga Oklahoma ta Amurka, ya kai mataki na 157 ne a Disambar 2023 a kan tsohuwar na'urar Nintendo, wadda wasan ya fito a kanta a 1989, har wasan ya sandare. A wannan samfurin, daga mataki na 29 bulo yakan faɗo daga sama zuwa ƙasa cikin kashi ɗaya bisa uku na daƙiƙa, shi ya sa gwanayen suke kaɗa bayan madannin da yatsu kamar mai kiɗan kalangu, domin babban yatsa kaɗai ba zai iya wannan saurin ba. Abin da ke kan tabarmar mai koli kwaikwayo ne kawai. Wasanni 9999 ɗin nan 'yan ƙalilan ne aka yi ta maimaitawa ana canza musu sauri, madannan roba ne da kan maƙale da zarar ƙurar hunturu ta shige su, ga shan batir. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutum zai tsaya ya taya buhun gero, ya zura hannu ya duba ko da tsakuwa, amma da ya ga kwali mai sheƙi sai ya miƙa kuɗi ko kunnawa bai sa an yi ba, alhali mai kolin mako mai zuwa yana wata kasuwar. In lallai sai ka saya, ka sa batirinka, ka gwada kowane madanni a gabansa.

Wani daga Gezawa yana tambaya ko ya sayar da akuyarsa ya sayo na'urar asali don ya ci kuɗin gasa. A'a. Gasar duniya a Amurka ake yin ta, kuma ba ka da ko wutar da za ta kunna talabijin.

Wata uwa daga Kazaure ta damu cewa ɗanta yana ganin bulo na faɗowa ko ya rufe ido. Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki, wannan sananne ne ga wanda ya daɗe yana wasan, kuma yakan wuce idan ya huta. Ki karɓi wayar bayan sallar isha'i, kuɗin cajin kuma ki bar shi ya riƙa biya da kansa.