Tsabar Zinaren Sifaniya: In Saya Ko In Bari?

Tambaya: Malam, ni mai sayar da zinare ne a Kano. A Dubai wani ya nuna mini wata tsabar zinare karkatacciya, bakinta duk a gantsare. Gefe ɗaya gicciye ne da zakoki, ɗayan ginshiƙai biyu da harafin L da lamba 8, a ƙasa an rubuta 712. Kuɗin da ya yanka ya ninka na nauyinta sau da yawa. Ba zamba ba ce kuwa?

Amsa: Alhaji, karkacewar nan kada ta dame ka. Da hannu ake buga irin su: a yanko ɗan guntun zinare, a ɗora tambari, a maka guduma. Shi ya sa ba ka samun biyu iri ɗaya. Sai a 1732 gidan buga kuɗi na Meziko ya fara fitar da zagayayyu da inji.

Yadda ka siffanta ta, eskudo 8 ce (eskudo sunan kuɗin zinaren Sifaniya ne a da) ta birnin Lima a Peru, lokacin Sifaniyawa na mulkin can. L ɗin Lima ke nan, 712 kuma 1712. Duba kusa da 8 ɗin, za ka ga wani harafi na mai awon da ya tabbatar da ingancin zinaren. Gari, shekara da mai awo, su ke yanka farashi, nauyi yana biye.

Irin waɗannan da yawa daga ƙasan teku suka fito. A ƙarshen Yulin 1715 guguwa ta nutsar da jirage 11 na Sifaniya a gaɓar Fulorida ta Amurka, kuma har yau ana tsamo zinarensu. Masu tara tsofaffin kuɗi na rububin wadda aka san daga can ta fito.

To amma inda ake rububi, can 'yan jabu suke. Fara da abin da ka fi ni sani: ɗora ta a ma'auni. Ta gaske tana kusan giram 27, karat 22. Ka duba bakinta, in ka ga layin haɗi ko ƙananan ramuka, zuba ta aka yi. Ni dai ba zan biya ba sai da shaidar kamfanonin tantance tsabar kuɗi irin NGC ko PCGS, in kuma duba lambar shaidar da kaina.

In ka saya, don Allah kada yaran shago su goge ta, kada a huda ta a yi wa Hajiya sarƙa. Rami ɗaya ya isa ya zubar mata da daraja.