Tambaya da Amsa: Hoton "Kano a 1500" da Ake Yaɗawa Ba Tarihi Ba Ne

Saƙonnin wannan makon kusan duk a wuri guda suka faɗo: yadda ake tayar da tsofaffin birane da kufai a cikin kwamfuta. Ga biyar daga ciki.

Tambaya: Malam, na ga bidiyon tsohon birnin Rum a YouTube, ana ratsa titunansa kamar a mota. Yaya aka ɗauke shi alhali babu kyamara a lokacin? (Daga Gusau)

Amsa: Ɗan'uwa, ai ka amsa wa kanka. Ba ɗauka aka yi ba, ginawa aka yi, gida bayan gida, a manhajar zanen 3D. Mafi shahara a irin wannan aiki shi ne Rome Reborn, wanda Farfesa Bernard Frischer ya faro a shekarun 1990, yana nuna birnin yadda ake jin yake a shekarar 320 miladiyya. Daga awon gine-ginen da suka rage suka fara, suka haɗa da tsofaffin rubuce-rubuce da abin da masu tono suka gano.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamin tarihi ne a sakandare. Akwai hoton da ke yawo a Facebook da WhatsApp, an rubuta "Kano a shekarar 1500, an sake gina ta da kwamfuta". Ina so in buga shi in manna a aji. Me ka gani? (Daga Kano)

Amsa: Malam, don girman Allah kada ka manna shi. An turo min irinsa har na gaji, kuma duk lokacin da na gan shi sai raina ya ɓaci.

Buɗe shi a wayarka ka ƙara girmansa. Ga koriyar ƙubba a tsakiya irin ta babban masallacin Kano na yau, wanda gininsa na yanzu na shekarun 1950 ne. Ga ginshiƙan farin dutse kamar a ƙasar Larabawa. Ga dogonyaro jere a bakin hanya, bishiyar da asalinta Indiya ne, sai a ƙarni na 20 ta shigo ƙasar nan. Ka duba mahayan dawakin da ke gefe, za ka sami wanda linzaminsa ya narke ya shige wuyan doki. To ina tubali? Ina azara? Ina zankwaye a kan soraye? Kanon da Sarki Muhammadu Rumfa ya bari a 1499 birnin ƙasa ne, kuma babu abin kunya a cikin haka. Wanda ya yi hoton nan jimla ɗaya ya rubuta wa manhajar ƙirƙirarriyar basira, ita kuwa ta kwaso Maroko da Masar da finafinai ta dama su wuri guda ta miƙa masa. Bai auna ko taku ɗaya na badala ba.

Aikin gaskiya da awo yake farawa. Ana kafa na'urar leza a kan ƙafafu uku, tana juyawa tana harba haske, tana lissafa nisan duk inda ya taɓa, har ta tara miliyoyin ɗigo da ke fitar da siffar gini daidai da yadda yake, da karkacewarsa da tsagewarsa. Haka marigayi Andrew Tallon ya yi wa majami'ar Notre-Dame ta Faris, ya tara ɗigo sama da biliyan ɗaya. Da gobara ta cinye rufinta a Afrilun 2019, awon nan na cikin abin da masu gyara suka koma gare shi. A Yuganda, ƙungiyar CyArk ta auna makabartar sarakunan Buganda da ke Kasubi a 2009, shekara na zagayowa wuta ta kama wurin. A nahiyarmu kuma akwai Zamani Project na Jami'ar Cape Town, waɗanda suka auna majami'un dutse na Lalibela a Habasha, da kufan Kilwa a Tanzaniya, da masallacin Djenné a Mali. Wannan kashi na farko ke nan, adana abin da ke tsaye.

Kashi na biyu shi ne mai wuya, wato mayar da abin da ya riga ya rushe. A nan dole a yi hasashe, kuma masana ba sa ɓoye hakan. Shi ya sa suka zauna suka tsara ƙa'idoji, akwai na Landan da aka kammala a 2009, akwai na Seville a Sifen na 2011. Abin da suka tsaya a kai shi ne mai zane ya faɗi hujjar kowane bango da ya ɗora: wannan na auna shi, wannan daga tsohon hoto na samo, wannan kuwa zato ne bisa gine-ginen makwabta. Ni a nawa aikin launi nake bambanta su da shi, kuma ina matsa wa duk wanda ya zo koyo wurina ya yi haka. Abin da aka auna ya fito da launin ƙasa sosai, abin da aka yi zato ya fito fari-fari ana hango bayansa. Ba ya burge mutane kamar mai sheƙi, na sani, amma mai kallo ya san inda ilimi ya tsaya.

Ko masu kayan aiki ma ba su tsira daga suka ba. Bayan 'yan IS sun rusa babbar ƙofar Palmyra ta Siriya a 2015, an sassaƙa kwatankwacinta da inji daga siffar kwamfuta, aka kafa a dandalin Trafalgar na Landan a 2016. Masana da yawa sun ce ta yi ƙanƙanta kuma ta yi sumul fiye da ta asali. To idan wannan ya sha suka, ina ga hoton da aka yi cikin daƙiƙa goma? Kuma kada a manta, hubbarorin waliyyan Timbuktu da aka rusa a 2012 maginan garin ne suka mayar da su da hannu, don su suka gaji sanin yadda ake cuɗa ƙasar.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne muna da abin aunawa, muna barinsa yana tafiya. Ganuwar da aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu, damina na cin ta, masu gini na cin ta. Muna da bayanin Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851, har da zanen birnin daga kan Dala. Muna da hotunan farkon zuwan Turawa. Muna da tsofaffin magina da ransu, waɗanda za su gaya maka yadda ake ɗaurin guga. Duk wannan ya ishi ɗalibin jami'a ya yi aiki mai hujja. Idan muka ci gaba da tura na ƙarya, yaron da zai nemi tsohuwar Kano a intanet nan gaba ƙubbar bogi zai fara gani, kuma ita zai rubuta a jarrabawa. Malam, ka kwashi ɗalibanka ku je Gidan Makama, ku hau Dala, kowa ya zana abin da ya gani.

Tambaya: Na saka Meshroom, manhajar da ke haɗa hotuna su zama siffar 3D, a laftof ɗina, yana kaiwa tsakiya sai ya tsaya da jan layi. (Daga Zinder)

Amsa: Wannan matakin katin girafik na NVIDIA yake buƙata, naka kuwa na san babu. Laftof ɗin da ke nishi idan ka buɗe Word ba za ta ɗauki wannan kaya ba. Ka bi ta zaɓin da ke fitar da siffa ta wucin gadi, ko ka koma manhajar waya da ke sarrafa hotunan a intanet.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, ina son yin aikina na ƙarshe a kan kufan Surame, birnin Kanta. An ce sai da iPhone mai LiDAR, wato na'urar auna nisa da leza. Tecno gare ni. (Daga Sakkwato)

Amsa: 'Yar'uwa, wanda ya gaya miki haka ƙila yana da waya ta sayarwa. LiDAR ɗin da Apple ya fara sakawa a wayoyinsa daga iPhone 12 Pro iyakarsa kamar mita biyar, ɗaki yake yi wa amfani. Tecno ɗinki ta isa. Zaɓi guntun bango ɗaya, ki zagaye shi a hankali kina ɗaukar hotuna, kowane hoto ya maimaita kusan kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi, zagaye ɗaya a tsaye, ɗaya a durƙushe. Ki fita da sassafe ko ranar da hazo ya rufe rana, don inuwa mai kaifi na rikita manhaja. Kada ki taɓa zum. Ajiye sanda mai tsawon mita ɗaya a gindin bangon ta fito cikin hotunan, in ba haka ba siffar za ta fito babu mai sanin girmanta. Daga nan sai ki haɗa hotunan a manhajar waya irin Polycam ko KIRI Engine, ki gyara a manhajar Blender, wanda kyauta ne. Ki nemi izinin hukumar kula da wuraren tarihi da na masu gari kafin ki fara, kuma kada ki ɗauke ko tsakuwa.

Tambaya: Abokina ya turo min hotuna 200 na wata tsohuwar ƙofa ta WhatsApp, manhaja ta ƙi haɗa su. (Daga Kumasi)

Amsa: WhatsApp ya matse su, ya goge bayanan kyamarar da ke cikinsu. Ya sake turowa a matsayin fayil, ko ka je da filasha ka kwafo na asali.