Tarin Fuka: Me Ya Sa Magani Kaɗai Bai Kawar da Shi Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji cewa an fi shekara 70 da samun maganin tarin fuka, amma har yau yana cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya. In dai maganin yana aiki, me ya hana a gama da cutar? Kuma me ya haɗa aikin likita da zancen abinci da muhalli da nake jin masana suna yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Maganin yana aiki ƙwarai, domin mafi yawan masu tarin fuka suna warkewa idan suka sha haɗin magunguna huɗu da ake farawa da su, suka kuma cika wata 6 ba tare da tsallake ba. Tun ranar 24 ga Maris, 1882 Robert Koch ya bayyana ƙwayar da ke haddasa cutar, an fara allurar rigakafin BCG a 1921, sannan maganin farko, streptomycin, ya fito a shekarun 1940. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da ciwon, kusan miliyan 1.25 kuma suka rasu.

Dalilin yana cikin yadda cutar take kama mutum. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar, amma a jikin yawancinsu tana kwance ne, garkuwar jiki ta danne ta. Abin da ke tayar da ita shi ne raunin jiki, kuma babban mai raunana jiki shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki, sai cutar ƙanjamau, ciwon suga, shan taba da shan barasa. Yaɗuwarta kuwa ta iska ce, saboda haka ɗaki mai cunkoso wanda ba shi da taga, da gidan yari, da ramin haƙar ma'adinai, su ne wuraren da take samun gindin zama. Abin lura ne cewa mace-macen tarin fuka a Ingila sun ragu sosai tun kafin a gano magani, a lokacin da abinci da gidajen ma'aikata suka fara kyautatuwa.

A wajen jinya ma talauci yana biye da majinyaci. Ko da an ba shi magani kyauta, akwai kuɗin mota zuwa asibiti, akwai kwanakin aikin da ya rasa, ga kuma yunwar da ke dawowa da ƙarfi idan jiki ya fara murmurewa. Leburan da ya ga tari ya lafa bayan wata 2, zufar dare ta daina, iyali kuma suna jiran cefane, sau da yawa yakan ajiye magani ya koma aiki, kuma a ganina zalunci ne a kira wannan sakaci. Katse shan magani yana ba ƙwayar damar bijire masa, daga nan sai jinyar ta ƙara wuya da tsada. Binciken Hukumar ya nuna cewa kusan rabin iyalan masu cutar suna asarar fiye da kashi 20 cikin 100 na abin da suke samu a shekara. Haka nan tsoron tsangwama yana sa mutane, musamman mata, su ɓoye tari har cutar ta ci huhu.

Akwai hujja mai ƙarfi a kan amfanin haɗa hanyoyin biyu, wato jinya da tallafa wa marasa galihu. A jihar Jharkhand ta Indiya an gudanar da gwajin RATIONS, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2023, inda aka riƙa ba iyalan majinyata tallafin abinci kowane wata, sai kamuwa da cutar a tsakaninsu ta ragu da kashi 39 zuwa 48 cikin 100. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: na'urar GeneXpert mai gano cutar cikin sa'o'i kaɗan daga kakin majinyaci, da sabon haɗin wata 6 na tarin da ya bijire wa magani, ba za su amfani wanda bai iya isa asibiti ba.

Shi ya sa shirin kawar da tarin fuka da Hukumar ta amince da shi a 2014 ya sanya tallafa wa marasa galihu a sahu ɗaya da gwaji da jinya, da burin rage mace-mace da kashi 95 cikin 100 kafin 2035. Tafiyar tana jan ƙafa, domin daga 2015 zuwa 2023 yawan kamuwa ya ragu da kashi 8.3 ne kawai, alhali an so a kai kashi 50 a 2025. A naka ɓangaren, Malam, duk wanda ka ga tari ya wuce masa mako 2 yana kuma ramewa, ka raka shi a gwada kakinsa, kuma idan an tabbatar da cutar a duba mutanen gidansa baki ɗaya.