Amsa: Allon kwamfuta mai faɗi don buga gem

Malam, ka ce mai inci 34 kake so, kuma har da na'urar gem ta PS5 za ka jona. To dakata: PS5 ba ya cika allo mai faɗi irin wannan (21:9), baƙin fili za ka gani hagu da dama. In kwamfuta ce, fara duba katin hotonka, wato abin da ke sarrafa hoto a cikin kwamfutar. Irin wannan allo mai ɗigo 3440×1440 ya ninka allon 1080p da aka saba fiye da sau biyu a yawan ɗigo, ƙaramin kati haki zai yi ta yi. Nemi allo mai 144Hz, wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, ka jona da wayar DisplayPort.

In ka shiga kasuwar Computer Village a Ikeja, sa a kunna maka farin shafi da baƙi, ka matso da ido ka nemi mataccen ɗigo, wanda ba ya canza launi, kafin ka biya. Ka haɗa da UPS mai riƙe wuta in an ɗauke kuma, ka san halin wutar Legas.