Haukan kare: tsakanin dila a daji da yaro a tsakar gida

Likita, ni mafarauci ne daga wajen Ningi. Karena ya yi faɗa da dila, ta yage masa kunne. Ciwon ya warke, yana cin abincinsa. Akwai abin tsoro?

Akwai, Malam. Ƙwayar cutar haukan kare a miyau take. In ta shiga ta wurin cizo, sai ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa, ta yi makonni ko watanni babu wata alama. Dila da kura da tunku duk suna ɗaukarta. Amma kada a ɗora wa daji laifin duka, domin a Afirka yawanci daga karnukan gida take fita, ta shiga namun daji, sannan ta dawo mana. A tsaunukan Bale na Habasha, a 2003, karnukan makiyaya ne suka kai ta cikin kerkecin da babu irinsa a duniya sai a ƙasar Habasha, ta kashe da yawa. Ɗaure karen, ka hana yara zuwa kusa da shi, ka kira likitan dabbobi yau. In ba a taɓa yi masa rigakafi ba, ana iya killace shi watanni, ko a ce a kashe shi.

Karen maƙwabta ya ciji ɗana a yatsa, ɗan kaɗan ne. An ce in ƙona gashin karen in shafa masa.

Don Allah Hajiya, kada ki yi. Ki wanke wurin da sabulu, ki yi ta zuba ruwa har minti 15, ki wuce asibiti a fara masa allura, kuma ki cika dukkan ranakun da aka ba ki. Cizon yatsa ya fi ba ni tsoro, saboda jijiyoyi sun yi yawa a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar yaro ya fara firgita da ganin ruwa, da wuya ya tashi.

Me zai hana a kashe karnukan unguwa a huta?

Wasu za su zo su maye gurbinsu. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, yaɗuwar tana tsayawa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, jihar Filato, tana haɗa wannan allura. Ku tambayi ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku.