Amsa kan makullin da Thunderbird ta ƙi karɓa

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na saurari muryarka. Ka ce ka shigar da makullin ɓoye saƙo na abokin aikinka cikin manhajar imel ta Thunderbird, amma da ka zo tura masa wasiƙa a kulle sai ta ƙi tafiya, wai babu makullin da za ta yi aiki da shi. To kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiyarta ƙalau.

Shigar da makulli daban, amincewa da shi daban. Tun 2020 da Thunderbird 78 ta fito aka ajiye Enigmail, ƙarin da a da ake liƙa mata don kulle saƙo, aka gina tsarin kulle saƙo na OpenPGP cikin manhajar kanta, kuma ba ruwanta da amincewar da ka taɓa yi a GnuPG, manhajar da Enigmail ke ajiye makullai a cikinta. Sai ka sake gaya mata da kanka. Shiga Tools, buɗe OpenPGP Key Manager, ka danna sunan mutumin sau biyu. Za ka tarar da zaɓi huɗu: ka ƙi makullin, ka bari sai gaba, ka karɓa ba tantancewa, ko ka karɓa bayan ka tantance. Yawanci kan na biyun yake zaune, shi ya sa.

Na ukun zai buɗe maka hanya nan take, amma ni dai ba na son sa. A shafin nan akwai doguwar lamba, haruffa da alƙaluma guda 40, ita ce zanen yatsan makullin. Kira mutumin a waya, ka ji muryar da ka sani, ya karanto tasa kana bi ɗaya bayan ɗaya. Kar ka yarda ya turo ta imel, don wanda ya iya musanya makulli a hanya, musanya lambar ba zai gagare shi ba. In sun dace, sai ka zaɓi na huɗun.

Idan har yanzu ta turje, duba adireshin da ke jikin makullin, dole ya zama shi ne kake tura wa. Duba wa'adi ma, wanda Thunderbird ke ƙerawa shekara 3 ne in ba a canza ba. Sannan agogon kwamfuta! Tsofaffin kwamfutocinmu da ƙaramin batirin ciki ya mutu, ana ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma baya, sabon makulli ya zama kamar ba a ma ƙera shi ba tukuna.

Af, in mutum biyar kake tura wa, sai kana da makullin kowannensu. Kuma don Allah kar wani ya jefo makullinsa na sirri a guruf ɗin nan, da shi ake buɗe saƙo. Ɗan uwansa na jama'a, wanda ake kulle saƙo da shi, shi kaɗai ake rabawa.