Sauya Asusun Fansho: Shin Za a Yanke Mini Haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, shekaruna 46, ina zaune a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kura. Ina son mayar da kuɗin fanshona asusun da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, amma abokan aiki sun ce za a yanke mini haraji. Kuma bana na sayar da shinkafa buhu 40, ina tunanin zuba kuɗin a asusun fansho domin harajina ya ragu. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka game da tambayar farko, domin abin da aka gaya maka ba haka yake ba. Tun watan Yulin 2018 Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, ta raba ajiyar ma'aikata gida-gida, kuma wanda bai kai shekara 50 ba, irinka, ana ajiye shi a Asusu na Biyu sai idan ya nemi sauyi. A 2021 aka fitar da ƙa'idojin Asusu na Shida, wanda ake juya kuɗinsa a sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, da sauran hanyoyin da Shari'a ta amince da su. Idan ka cike takardar neman sauyi a kamfanin da ke kula da fanshonka, kuɗin ba su fita daga asusunka ba, wurin juya su ne kawai ya canja, kamar wanda ya kwashe hatsi daga wannan rumbu zuwa wancan a cikin gida ɗaya. Saboda haka babu harajin da ya hau kansu. Haka ma komawa wani kamfanin, wanda aka buɗe ƙofarsa a Nuwamban 2020, sau ɗaya a shekara kuma kyauta.

Maganar kuɗin shinkafa ce take bukatar natsuwa. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikaci zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa a asusun fansho, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10, sannan ta ba shi damar ƙarawa don raɗin kansa. Wannan ƙarin daga albashi ake cire shi, ta hannun ofishin da ke biyanka, kafin a lissafa haraji, kuma a nan ne sauƙin yake. Ba a ɗaukar dunƙulen kuɗin gona a zuba a ce a rage harajin albashi. Abin da zai yiwu shi ne ka rubuta wa ofishinku ya riƙa cire wani adadi duk wata, kai kuma ka cike giɓin cefane da kuɗin shinkafar.

Sai dai akwai sharuɗɗan da nake so ka riƙe da kyau, domin a nan ne mutane da dama suke yin da-na-sani. Rabin abin da ka ƙara ne kaɗai za ka iya nema kafin ritaya, sauran rabin a kulle yake. Kuma idan ka cire kafin kuɗin su cika shekara 5, doka ta ce a yanke haraji a kan ribar da suka haifar. Ga wanda kowace shekara yake neman kuɗin taki da man injin ban-ruwa, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Ka kuma duba takardar albashinka, saboda sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara, don haka mai ƙaramin albashi ba zai ga ragi mai yawa ba.

Masu karatunmu ma'aikatan jihohin Kano da Jigawa su lura cewa tsarin fanshonsu na jiha dabam yake da wannan.

A ganina, Malam, ka koma Asusu na Shida tun da zuciyarka ta fi natsuwa da shi, ka ware kuɗin noman rani mai zuwa tukuna, sannan ka fara ƙarin da adadin da ka tabbata ba za ka neme shi ba har shekara 5.